Waiwaye: Fitilun da Suka Haska Gadon Jikinmu, da Mutanen da Suka Kunna Su

Mu da muka tashi kafin wutar lantarki ta game unguwanni, kafin waya ta shiga hannun kowane yaro, ba za mu manta da daren damina ba. Ruwa ya ɗauke bayan magariba, ƙasa ta ɗauki sanyi, kwaɗi sun cika kududdufi da kuka, sai ga maƙesu sun fito bakin fadama suna ƙyal-ƙyal a kan ciyawa. Mukan bi su da gudu, mu kama ɗaya mu dunƙule a hannu, mu leƙa ta tsakanin yatsu mu ga wutar da ba ta ƙuna. Babu wanda ya taɓa ce mana wannan ɗan haske zai amfani wani. Wasan yara ne, yakan wuce da damina.

A ƙarshen shekarun 1940, yaran birnin Baltimore na Amurka su ma suna bin maƙesu da gudu, sai dai su akwai mai jiran abin da suka kamo. Wani malami a Jami'ar Johns Hopkins, William McElroy, yana saye daga hannunsu da 'yan kuɗi kaɗan, yana tara dubbai, don yana son sanin inda hasken yake fitowa. A 1947 ya nuna cewa hasken ba ya tashi sai da ATP, sinadarin da kowace ƙwayar halitta mai rai take ƙonawa in za ta yi aiki. A cikin ƙwaron akwai sinadari mai suna lusiferin, akwai kuma furotin mai suna lusiferes da ke haɗa shi da iskar oksijin. ATP ya ba da ƙarfi, haske ya fito. Yau wannan haske yana cikin kayan aikin yau da kullum a ɗakunan bincike na duniya. Da shi da 'yan uwansa ake sa ƙwayoyin gadon jikinmu su ba da labarin lokacin da suke aiki da lokacin da suke kwance. Labarin waɗannan 'yan rahoto nake son mu waiwaya, musamman na mutanen da suka kawo mana su, waɗanda sunan yawancinsu ya ɓace mana.

Tambayar da ta haifi aikin tsohuwa ce. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, haruffa wajen biliyan 3, da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kimanin 20,000. Abin da ke cikin ƙwayar ido shi ne a cikin ta hanta, amma ido bai taɓa yin aikin hanta ba. Bambancin yana ga wace ƙwayar gado aka kunna, wace aka kashe, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi. Kowace ƙwayar gado tana da yankin DNA da ke mata aikin makunni, wani a gindinta, wani can nesa da ita. To, makunni ba ya magana, furotin ɗin da yake sa a haɗa kuma galibi ba shi da launi balle ido ya gan shi. Kamar mutum ne ya tare a sabon gida ya tarar da makunnai jere a bango, bai san wanne ke aiki ba. Sai ya ɗauki ƙwan fitila ya jona wa kowanne bi da bi: wanda fitila ta kama, yana aiki, wanda ta yi dishi-dishi, aikinsa kaɗan ne. Haka masu bincike suke yi. Su yanko makunnin da suke son sani, su jona masa ƙwayar gado mai ba da launi ko haske, su mayar cikin ƙwayar halitta, su zuba ido. Wannan ƙwaya mai launi ko haske ita ce 'yar rahoto.

Tushen dabarar yana birnin Paris na Faransa, a Cibiyar Pasteur, a wasu 'yan ɗakuna can saman bene ƙarƙashin rufi. Tun a 1941, kafin ya koma can, Jacques Monod ya bayyana wani abu da ya lura da shi: in aka ba bakteriya sukari iri biyu, kamar gulukos da sukarin madara, sai ta cinye gulukos tukuna, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan ɗayan. Wani da ya ga haka sai ya wuce. Shi kuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. A lokacin dakatawar nan bakteriyar tana haɗa furotin ɗin da za ta fasa sukarin madara da shi ne, wanda ba ta ɓata ƙarfinta a kansa in babu madarar. Abokin aikinsa François Jacob ɗalibin likitanci ne da yaƙin duniya na biyu ya raba da aji. Ya bi rundunar Janar de Gaulle, ya shiga fagen fama a Libiya da Tunisiya, aka yi masa mummunan rauni a Normandy a 1944, burinsa na zama likitan tiyata ya tafi ke nan. Sai ya juya ga bincike. A 1961 su biyun suka bayyana yadda abin yake a bakteriyar hanji, E. coli: akwai wani sinadari da ke zaune daram a kan makunnin ya danne shi, da sukarin madara ya shigo sai sinadarin ya saki, ƙwayoyin gadon su kama aiki. A 1965 aka ba su lambar yabo ta Nobel tare da maigidansu André Lwoff.

A yau in ana hirar bincike a jami'o'inmu, magana ba ta wuce rashin kayan aiki, da wutar da ke ɗaukewa firiza cike da samfurin gwaji, da tallafin da ba ya zuwa. Duk gaskiya ne, kuma nauyi ne a wuyan masu iko. Amma yana da kyau ɗalibanmu su san cewa mafi yawan abin da Jacob da Monod suka gano, da kwalabe da faranta da agogo suka gano shi, da muhawarar da suke yi kullum a gaban allo. Tambaya mai kyau ce jarinsu na farko.

Abin da ya sauƙaƙa musu aiki shi ne furotin ɗin nan mai fasa sukarin madara yana da sauƙin aunawa. Ƙwayar gadonsa ita ake kira lacZ. Masu bincike na wancan zamani sukan ɗebo ruwan bakteriya a kwalbar gwaji, su ɗiga abin da zai huda ƙwayoyin, su zuba wani sinadari garai-garai mai suna ONPG, su danna agogo. Daga nan sai zaman jira, ido a kan kwalba. In makunnin a kunne yake, ruwan zai fara juyawa a hankali har ya zama ruwan ɗorawa. Da launin ya nuna, a zuba ruwan soda a tsayar da aikin, a rubuta mintunan da aka ci, a auna kaurin launin da na'ura. A 1972 Jeffrey Miller ya tsara wannan awo a littafin koyarwarsa, har yau kuma da sunansa ake kiran ma'aunin. A 1976 wani matashi, Malcolm Casadaban, ya fito da hanyar jona lacZ da wasu makunnan bakteriya daban-daban. Daga nan ƙwayar gadon fasa sukarin madara ta samu sabon aiki: kawo rahoton wasu.

Bayan ruwan ɗorawa sai shuɗi. A 1964 wani masanin haɗa sinadarai a birnin Detroit, Jerome Horwitz, ya haɗa abin da ake kira X-gal. Shi ma ba shi da launi, sai furotin ɗin lacZ ya yanke sukarin da ke maƙale da shi, ragowar ta haɗu da iska ta rikiɗe shuɗi a daidai gurbin da aka yi yankan. Da wannan ake gane wurin da makunni yake aiki, a zuciyar ɗan tayin ɓera ne ko a hantarsa. Shuɗin nan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A ilimin sinadarai ɗan dangin shuɗin baba ne, wanda marinan Ƙofar Mata a Kano suka gada kaka da kakanni. A ganyen baba ma launin a ɓoye yake, maƙale da sukari, sai an jiƙa an raba su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya ga zane ya fito daga rijiya kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonsa, to ya ga ɗan'uwan abin da ke faruwa a farantin gwaji.

A wannan shekarar ta 1964 Horwitz ya haɗa wani sinadarin, AZT, da fatan zai yi maganin cutar daji. Bai yi ba, sai ya ajiye shi, ko rajistar mallaka bai yi masa ba. A 1987 AZT ya zama magani na farko da aka amince da shi don cutar ƙanjamau. Mata nawa ne a asibitocinmu suka sha shi don kada jariransu su kamu? Ɗalibai nawa ne suka ƙirga ɗige-ɗigen shuɗi da fari a faranti mai X-gal? Ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa jin sunan mutumin, shi kuma bai ci ko kwabo daga cinikin maganin ba.

Daga nan 'yan rahoto suka yi ta ƙaruwa. A 1982 Cornelia Gorman da abokan aikinta suka kawo wadda ake kira CAT don ƙwayoyin halittar dabbobi da mutum, sai dai aikinta na buƙatar sinadari mai tururin nukiliya da jira na kwana da kwanaki. A 1987 Richard Jefferson, yana aiki a Cambridge ta Ingila, ya fito da GUS don tsirrai, mai rina saiwa ko ganye shuɗi a inda makunni ke aiki, ya kuma riƙa aika ta kyauta ga ɗakunan binciken da suka nema. Maƙesu kuwa ranarsu ta zo a 1985, lokacin da ɗakin binciken Marlene DeLuca a San Diego ya ciro ƙwayar gadon lusiferes. Ita abokiyar aikin McElroy ce, kuma matarsa. Shekara ɗaya bayan haka aka sa ƙwayar a tsiron taba, aka shayar da shi ruwan lusiferin, aka ɗauki hotonsa a duhu yana haske. DeLuca ta rasu a 1987, ba ta ga inda aikinta ya kai ba.

Ga yadda aikin yake a yau. Ɗaliba za ta yanko makunnin, ta jona shi da lusiferes a cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid. Ta shigar da zoben cikin ƙwayoyin halitta da ake reno a faranti mai 'yan ramuka 96, cikin ruwa ja-ja, a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta fasa ƙwayoyin, ta zuba lusiferin, ta tura farantin cikin na'ura mai duhun ciki. Hasken ya yi wa ido ƙanƙanta, amma na'urar tana ƙirga shi ta fito da lambobi. Sai ta riƙa rage tsawon makunnin kaɗan-kaɗan tana sake awo. Ranar da haske ya faɗi, ta san ta yanke wuri mai muhimmanci. Ko ta canza harafi ɗaya tak ta kwatanta. Ko ta ɗiga magani ta ga zai ɗaga hasken ne ko zai sauke shi. Ta haka ake tace dubban sinadarai wajen neman sabon magani.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne ba a yarda da ɗan rahoto ɗaya. Tare da na maƙesu akan tura na biyu, lusiferes na wata halittar teku mai suna Renilla, da makunnin da ba ya canzawa, don a san ko ƙarancin haske daga makunnin ne ko kuwa DNA ɗin ne bai shiga sosai ba. Akan tura zobe marar makunni a ga hasken da ke fitowa ba dalili. Akan maimaita sau uku ko fiye. Bayan duk wannan, mai bincike na ƙwarai zai tuna cewa makunnin da aka ciro daga mazauninsa yana iya yin abin da ba ya yi a gida, don haka sai ya koma jikin halitta mai rai ya tabbatar. Mu kuwa a zamanin nan saƙo ɗaya zai shigo WhatsApp, wai ga ganyen da ke warkar da ciwon suga, kafin la'asar mun raba wa dangi kaf. Da za mu ari wannan ɗabi'a ta neman shaida ta biyu, da rayuka da dama sun tsira.

Labarin da ya fi daɗewa a raina shi ne na kore. Osamu Shimomura yana ɗan shekara 16 a watan Agustan 1945, yana aiki a wata masana'anta kusa da Nagasaki a Japan, ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya. Ya ga walƙiyar da idonsa, baƙin ruwan sama ya jiƙa shi a hanyar gida. Ya yi karatun haɗa magunguna cikin ƙuncin bayan yaƙi, daga baya Frank Johnson ya gayyace shi Jami'ar Princeton. A tsakiyar 1961 suka tafi Friday Harbor, a gaɓar teku can arewa maso yammacin Amurka, neman sirrin wata halittar ruwa mai laushin jiki, garai-garai, mai siffar lema, wadda gefenta ke ba da haske. Ɗaya bayan ɗaya suke kamo su da ragar hannu, su yanke bakin lemar da almakashi, su matse. Sun sha fama ba nasara, har ranar da Shimomura ya zubar da ragowar ruwan gwaji a wurin wanke kwalabe inda ruwan teku ke gangarowa, sai ga shuɗin haske ya tashi. Sinadarin kalsiyam na ruwan teku ne ya kunna shi. A rahotonsu na 1962, cikin 'yan layuka kaɗan, suka ambaci wani furotin na daban mai ba da kore. Shi ne GFP. Shimomura ya ci gaba da komawa Friday Harbor har 1988, matarsa da 'ya'yansa na taya shi kamu, har abin da suka kama ya kai wajen 850,000.

Kusan shekara 30 GFP na zaune ba mai nemansa. Da wani kwamiti ya tsare Shimomura da tambayar da muke tsare ɗalibanmu da ita, wai wannan binciken me zai kawo a kasuwa, da ba shi da amsa. Yana son ya gane ne kawai. Ba laifi ba ne a nemi ilimin da ke kawo abinci, don yunwa ba ta jira. Amma in muka ce ba za mu tallafa wa komai ba sai abin da ribarsa ke fitowa a bana, za mu daɗe muna sayen ilimin waɗanda suka yi haƙuri. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

A cikin waɗanda suka fara hango amfanin GFP akwai Douglas Prasher, na cibiyar binciken teku ta Woods Hole. Ya yi tunanin in aka samu ƙwayar gadonsa, za a iya jona ta da wasu a gan su suna aiki. Ya samu tallafi daga wata ƙungiyar yaƙi da cutar daji, ya sha wahala, a 1992 ya buga jerin haruffanta. Kuɗin ya ƙare, wani tallafin bai zo ba. Martin Chalfie na Jami'ar Columbia da Roger Tsien na San Diego suka nemi ya ba su ƙwayar, ya aika wa kowannensu. A lokacin da yawa na zaton GFP ba zai yi haske ba sai da taimakon wani abu daga jikin halittar tekun. Ɗalibar Chalfie, Ghia Euskirchen, ta sa shi a bakteriya, ta leƙa madubin ƙara girma, ta ga kore. A 1994 suka nuna wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, tana raye tana motsi, jijiyoyinta masu jin taɓi suna haske. Sauran 'yan rahoto galibi sai an kashe ƙwayar halitta kafin a karɓi saƙonsu. Wannan kuwa haske shuɗi kawai za a haska masa. Gani ya kori ji. Tsien ya ƙara masa ƙarfi, ya fito da launuka iri-iri.

A Oktoban 2008 aka sanar da lambar Nobel ta ilimin sinadarai: Shimomura, Chalfie da Tsien. Ƙa'idar lambar ba ta wuce mutum uku. Da 'yan jarida suka nemi Prasher, sai suka same shi a garin Huntsville na jihar Alabama, yana tuƙa motar ɗaukar abokan ciniki a wani kamfanin sayar da motoci, bayan aikin kimiyya ya kuɓuce masa. Bai nuna ƙyashi ba. Su ma waɗanda suka ci lambar ba su yi butulci ba. Chalfie da Tsien sun faɗa a fili cewa aikinsa ne ya buɗe musu hanya, suka biya masa kuɗin tafiya shi da matarsa zuwa bikin a Stockholm, daga baya Tsien ya ɗauke shi aiki a ɗakin bincikensa. Da Prasher ya kulle ƙwayar a firiza yana jiran ranar da zai samu kuɗi ya ci ribarta shi kaɗai, da duniya ta yi jira, shi ma ba lallai ya samu ba.

Mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu da tsutsa mai haske? Da ruwanmu, har da tsaki. Mun san wasu manya in suka sha ɗanyar madara cikinsu ya yi ta ƙugi, wasu kuwa lafiya lau. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girma, saɓanin yawancin manya a kudancin Najeriya. Kowa yana da ƙwayar gadon narkarwar; a jikin mafi yawan mutanen duniya makunninta ne ke lafawa bayan yaye. A 2002 masu bincike a Finland suka gano canjin harafi ɗaya, nesa da ƙwayar da haruffa kusan 14,000. A 2003 aka jona yankin da lusiferes, haske ya nuna cewa wannan harafin yana ƙara wa makunnin ƙarfi. Ana samun irin wannan canji a cikin Fulani. A 2007 Sarah Tishkoff da tawagarta suka gano wasu canje-canje na daban a wannan yankin a jikin makiyayan Kenya, Tanzaniya da Sudan, nan ma hasken maƙesu ne ya ba da shaida.

Misali na biyu ya fi taɓa zuciya. Babu ƙasar da ake haihuwar masu sikila kamar Najeriya, jarirai wajen 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da wuya a samu unguwar da ba ta san daren da ciwon ke tashi ba, yaro na kuka da ƙasusuwa, uwa na zaune ba abin da za ta iya. Tun a 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu cutar ba sa nuna ta a watannin farko, ta danganta haka da irin himogulobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki. Bayan haihuwa jiki yakan kashe na tayi ya kunna na manya, a nan ciwon ke farawa. A 2008 aka tabbatar cewa ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke danne na tayin. Amma ba a iya kashe ta ɗungurungum, don ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki na buƙatarta. A 2013 Daniel Bauer da Stuart Orkin a Boston suka gano wani makunninta, suka jona shi da tsohuwar lacZ, suka sa a ɗan tayin ɓera. Shuɗi ya fito a hanta, inda ɗan tayi ke haɗa jini. Ga makunnin da ke aiki a ƙwayoyin jan jini, wanda za a iya taɓawa ba tare da an taɓa sauran jiki ba. Shi ne maganin Casgevy yake yankewa, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma sai da asibiti mai iya dashen ɓargo. Bai iso ga 'ya'yanmu ba tukuna, wannan kuma abin baƙin ciki ne da bai kamata mu yi shiru a kansa ba. Kafin ya iso, gwajin jini kafin aure yana hannunmu, haka ma hydroxyurea, tsohon maganin da shi ma ke ɗaga himogulobin na tayi, wanda likitocinmu suke rubutawa. Amma an ga hanya, kuma abin da aka gano ba ya komawa.

Waiwaye adon tafiya. In muka bi sawun wannan magani baya, za mu bi ta kan likitar da ta tsaya ta duba jinin jarirai, da mai haɗa sinadaran da bai ci ribar aikinsa ba, da sojan da rauni ya hana shi tiyata. Babu ɗayansu da ya san inda aikinsa zai kai. Abu biyu ya haɗa su da su Prasher da Jefferson: sun yi aikin da kyau tun ba a san amfaninsa ba, sun kuma miƙa shi ga na gaba da hannu sake. A jami'o'inmu da asibitocinmu akwai irinsu. Akwai ma'aikacin ɗakin gwaji da ya koya wa ɗalibai aji bayan aji riƙon kayan aiki, sunansa bai taɓa hawa takarda ba. Akwai malamar da ta ba da sinadarinta na ƙarshe don ɗalibin wani ya kammala. Akwai kuma ɗayar ɗabi'ar da dukanmu muka sani, ta kulle na'ura a ofis, mabuɗi a aljihu, har ta lalace ba wanda ya amfana.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma yaba kyauta tukwici. Wanda yake riƙe da abin da ɗan'uwansa zai ci gaba da shi, ya miƙa. Wanda kuma ya kai wani matsayi ta kan aikin wani, ya yi yadda Chalfie da Tsien suka yi: ya rubuta sunansa, ya faɗe shi a bainar jama'a, ya kuma nemi inda yake ya je ya gaishe shi tun yana da rai.